Ƙamshi ba ya bin waya: wata 9 ina hayar situdiyon fodkas a Kano

Shekara 11 ke nan ina haɗa turaren wuta da humra ina sayarwa, kuma babbar matsalar sana'ar nan tawa ita ce ƙamshi ba ya bin waya. Mai atamfa ta ɗauki hoto ta ɗora, a ga zane a ga launi, ciniki ya faɗa. Ni kuwa in na ɗauki hoton kayana, baƙin itace ne a cikin gilashi, babu abin da ya raba shi da na wadda ta jiƙa garin katako da turare mai araha ta ɗura. Kwalbar ma wuri ɗaya muke saro ta. Ana cewa gani ya kori ji, to mu a wajenmu gani bai kori komai ba.

'Yata ta biyu, wadda ke karatu a Jami'ar Bayero, ita ta fara kawo zancen. Ta ce, "Umma, ke fa in mace ta zauna da ke minti goma a shago ba ta fita hannu rabbana. Bakinki ne ke sayar da kayan nan. Me zai hana ki yi fodkas?" Na ce mene ne kuma wannan? Ta ce shirin rediyo ne da ba ya buƙatar gidan rediyo, mutum ya ɗauki muryarsa ya ɗora a intanet, mai so ya saurara lokacin da ya ga dama. Sunan ma wai daga iPod aka samo shi, wata 'yar na'urar jin kiɗa ta kamfanin Apple, tun 2004. Ni dai har yau "shirina" nake ce masa. Rediyo kam ba baƙona ba ne, mahaifinmu ba ya karya kumallo sai da BBC a gefensa, kuma na taɓa biyan tallar minti ɗaya a wata tashar FM. Waya ta yi kwana biyu tana ƙara, daga nan ta yi tsit.

Situdiyon da muka je yana hawa na biyu a wata filaza wajen Zoo Road, inda dama masu harkar fim da waƙa suka yi sansani. Ba zan kama sunansa ba, don zan faɗi alherinsu zan kuma faɗi inda suka ɓata mini rai, yaran kuwa masu neman na kansu ne. Su uku ne a wurin: mai situdiyon, da wani injiniyan sauti siriri marar yawan magana, da wata budurwa mai rubutu da kula da shafuka. Ɗakin bai fi ɗakin girkina girma ba. An manne bangon da soso mai tudu-tudu kamar kiret ɗin ƙwai, ga kafet mai kauri, ƙofa biyu ce ɗaya bayan ɗaya. Da aka ja ta biyun sai na ji kunnena ya yi dum. Hon ɗin 'yan adaidaita sahu, kiɗan masu sayar da waya a ƙasa, janareton maƙota, duk suka ɗauke. Ban san akwai wurin da shiru ya kai haka a cikin Kano ba.

Makirfo huɗu ne a teburin, samfurin Rode PodMic, kowanne a maƙale da hannun ƙarfe mai lanƙwasuwa, wayoyinsu duk sun shiga wata na'ura mai maɓallai kala-kala da suke kira Rodecaster. Na tambayi injiniyan dalilin da ya sa sai na kai bakina dab da shi kamar zan yi masa raɗa. Ya ce makirfo iri biyu ne. Akwai mai kunnen maciji, irin wanda mawaƙa suka fi so, shi komai ƙanƙantar motsi a ɗaki sai ya kwasa. Akwai kuma irin wannan, da ba ya jin na nesa sosai sai abin da ke gabansa, shi ya fi dacewa da gari mai hayaniya. Ya nuna mini tazarar yatsu huɗu, a ɗan karkace, don kada iskar baki ta buge shi. Duk da haka sai da ya sa na tuɓe awarwarona kaf na zuba a jaka.

Tsarin biyansu uku ne. Hayar ɗaki kawai ta awa ɗaya ta yi daidai da kuɗin kwalba 2 matsakaita na turarena. In da tace sauti, kwalba 4. Babban tsarin kuwa, wanda za su rubuta maka abin da za ka faɗa, su tace, su sa kiɗan buɗewa, su ɗora maka, ya kusa kwalba 10 a kowane kashi. Na auna da kwalba ne don sau biyu suna ƙara kuɗi tun da na fara zuwa, kuma ban ga laifinsu ba, tun da aka cire tallafin mai a 2023 wa ya zauna a farashi ɗaya? Ni da ba na son raini, sai na ce a ba ni babban. Kuɗin da na fi jin zafinsu ke nan a duk harkar.

Budurwar ta kira ni a waya ta yi mini 'yan tambayoyi, ranar ɗauka ta miƙo mini takarda shafi uku. Layin farko ya ce, "Barkanmu da warhaka masu sauraro, a yau za mu yi duba na tsanaki kan muhimmiyar rawar da ƙamshi ke takawa wajen inganta zamantakewar iyali." Tun da uwata ta haife ni ban taɓa cewa "duba na tsanaki" ba. Sau bakwai ina maimaita layin nan ina tuntuɓe, gumi na bin bayana. Can ƙasa kuma ta rubuta wai turarena yana magance ciwon kai da rashin barci. Na ce 'yata, goge wannan, ni ba magani nake sayarwa ba. Mai tallar abu da sunan magani akwai NAFDAC a gabansa, ban da haka ma ba ni da niyyar shiga sahun masu lasifika a bakin kasuwa. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne farce. Ta ji na ce muna sa farce a humra, sai ta rubuta "farcen namun daji". Farce kuwa murfin wani dodon koɗi ne na teku, irin wanda ake samu a gaɓar Bahar Maliya, kamarsa da farcen mutum ce ta ja masa sunan. Ba laifinta ba ne, ba ta taɓa riƙe shi a hannu ba. Laifin na tsarin ne da ya ce wanda bai san sana'a ba ya sa wa mai sana'a magana a baki.

Bayan kwana huɗu suka turo abin da suka tace. Sauti kam tas, babu ko ƙura. Amma sun yanke numfashina, sun yanke duk wani "to" da "kin gane", sun yanke wurin da na yi dariya. Muryar da ta fito ta fi kama da ta matar nan da ke ce miki ba ki da isasshen kuɗi a layinki. Na daure na tura wa masu sayen kayana. Wata tsohuwar kwastomata a Damaturu ta aiko da saƙon murya: "Hajiya, talla ta yi kyau, wace 'yar jarida kika ɗauka?" Inna, ƙanwar mahaifiyata da ke Maiduguri, wadda a gindin kaskonta na koyi aikin nan, ba ta kai minti biyu tana ji ba ta miƙa wa jikarta wayar. Ta ce a gaya mini zanen aro ba ya rufe katara.

Na riga na biya kuɗin kashi uku, shi ya sa na koma. A zuwa na uku budurwar ta makara da takardarta, muna zaune muna jira, sai injiniyan ya ce in yi ta magana zai gwada ƙarfin murya. Na ce me zan ce? Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Hajiya, don Allah wata tambaya gare ni. Maiɗakina ta sayi turare, ranar farko ƙamshi har maƙota, bayan sati biyu sai hayaƙi zalla. Me ke kawo haka?"

Ai kuwa ya sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Na ce masa Malam, itace shi ne tushe. Sandal na gaske daga Indiya ko Ostireliya yake zuwa, da tsadarsa, kuma ko ba a zuba masa komai ba in ka kankare shi da wuƙa ka shinshina yana da ƙamshin kansa. Abin da aka sayar wa matarka farin itace ne aka rina aka fesa masa turare mai sifirit, sifirit kuwa tashi yake yi, ya bar itace tsirara. Na shiga zancen sukari, yadda ake narka shi a lulluɓe itacen don ya riƙe mai ya kuma ci wuta a hankali, da yadda mai son nauyi a sikeli ke cika shi har in an zuba a kasko a ji ƙauri kamar an ƙona alewa. Na dawo kan farce. Ɗanyensa ƙarni gare shi kamar ka shiga kasuwar kifi da rana tsaka. Sai an jiƙa shi, a zauna da wuƙa a kankare ragowar naman ɗaya bayan ɗaya har yatsu su yi ciwo, a wanke a sake wankewa, a shanya, a soya, sannan a daka. Shi ke kama ƙamshi ya zaunar da shi a jikin tufafi, shi ya sa mayafi zai kwana uku a durowa ka ɗauko ka ji kamar yanzu aka turara. Mai gaggawa ba ta tsayawa wannan wahala, ba ta kuma barin haɗi a rufe ya yi makonni ya tsumu. Na ƙare da gaya masa yadda zai gwada kafin ya biya: ya sa ɗan kaɗan a garwashin da ya fara yin toka, ba mai jan wuta ba, ya fita daga ɗakin minti biyar ya dawo. Abin da hancinsa ya tarar a lokacin shi ya saya.

Ashe duk yana ɗauka. Minti 14. Ya sa mini abin ji a kunne ya kunna, sai ga ni ina dariya, ina rantsuwa, ga harshen Barno da nake ta ɓoyewa tun zuwana Kano amarya ya fito fili. Kunya ta kama ni. Shi kuwa ya ce, "Hajiya, ai shirin ke nan." A gabana ya gaya wa maigidansa a mayar da ni tsari na biyu, a bar rubutun nan, alhali hakan ragin kuɗi ne a wajensu. Wannan yaro shi ne dalilin da ya sa har yau nake hawa benen nan.

Yanzu da 'yar takarda nake zuwa mai kalma uku ko huɗu don kada in manta, shi ko 'yata su riƙa jefo mini tambayoyin da mata suka aiko. Mun yi yarjejeniya kan tacewa: tari, da ƙarar waya, da dogon shiru kawai zai cire, sai ya daidaita ƙarfin muryar don kada mai sauraro ta yi ta ƙarawa da ragewa.

Sai maganar inda ake ɗorawa, wadda a ganina nan ne masu situdiyon suka fi kwaikwayon Turawa ba tare da duba mutanensu ba. Sun ɗora shirin a Spotify for Creators, shafin ɗora fodkas da a da ake kira Anchor, wanda Spotify, kamfanin manhajar jin kiɗa, ya saya a 2019. Kyauta ne, kuma daga nan ake samun wani adireshi da ake kira RSS, wanda Apple Podcasts da sauran manhajoji ke bi su janyo kowane sabon kashi da kansu. Tsarin ya burge ni. Sai dai Spotify bai shigo Najeriya ba sai 2021, kuma yawancin matan da ke sayen kayana ba su da shi a waya. Wata guda cur, adadin masu sauraro da shafin ya nuna bai kai 40 ba, rabi ma ina zargin ƙawayen 'yata ne. Mutanena a WhatsApp suke. Da na ce a ba ni fayil in tura da kaina, suka ba ni ɗanyen, irin wanda minti ɗaya ke cin kusan MB 10. Wace mace ce za ta sauke MB 140 don jin zancen farce, ballantana bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025? Injiniyan ya matse shi zuwa MP3 mai layin sauti ɗaya, ya dawo bai kai MB 7 ba, kuma a kunnena ban ji abin da ya ragu ba. Duk wanda zai je irin wannan wuri ya nemi a ba shi iri biyun tun ranar farko.

Da jerin aikawa na WhatsApp nake rabawa, wanda ke ɗaukar mutum 256, kuma ba ya isa sai ga wadda ta ajiye lambata. Daga nan fayil ya shiga duniya, daga rukunin 'yan biki zuwa na 'yan makarantar Islamiyya, babu mai ƙirga maka. Abu ɗaya na koya da tsada: fayil yana tafiya ne ba tare da rubutun da aka haɗa shi da shi ba. Wata baiwar Allah ta ɗauki kashin farcen nan ta tura da hoton kwalabenta a ƙasa. Tun daga ranar nake faɗin sunan shagona da bakina a farko, a tsakiya, da ƙarshe.

Inda suka fi ɓata mini rai shi ne asusu. Da imel ɗin situdiyo suka buɗe mini shafin, ban sani ba sai da 'yata ta nemi shiga ta duba. Ma'ana shirin da sunana yake amma makullin yana aljihunsu, ranar da muka saɓa sai in fara daga tushe. Mai wurin ya ce ai don sauƙaƙa mini ne. Ban ce mugun nufi gare shi ba, amma sai da na yi sati uku ina bibiya kafin a mayar da shi kan imel ɗina. Kada kowa ya yarda a buɗe masa shafi da adireshin da ba nasa ba, kuma ya karɓi ɗanyen abin da aka ɗauka a filashi kafin ya sauko daga bene. Sun kuma yi mini jinkiri a lokacin da ya fi muni: kashin da na shirya don kasuwar ƙaramar Salla sun ce kwana 3, sai da ya yi 11, ya iso mata sun gama sayayya.

Zafi ma abin faɗa ne. Dole a kashe na'urar sanyaya ɗaki lokacin ɗauka don gurnaninta na shiga makirfo, to ku ƙiyasta ɗaki rufaffe mai soso a watan Afrilu. Minti 20 ne iyakata. Kuma sun hana ni kunna kasko a ciki, wai hayaƙi na lalata kayan aiki kuma soso ba ya sakin wari. Gaskiyarsu ce, amma mai turare tana zancen turare a ɗakin da ke warin kafet da gumin waɗanda suka riga ta shiga, abin da ciwo. Yanzu humra nake shafawa a gefen mayafi kafin in zauna.

Mai wurin ya daɗe yana lallashina in ƙara kuɗi a haɗa da kyamara, wai yanzu bidiyo ke tafiya a YouTube da TikTok. Na san da haka. Amma abin da ya ja ni ga harkar tun farko shi ne murya ce kawai. Ba kwalliya, ba tunanin wane mayafi zan sa, ba wanda zai tsaya yi mini sharhi a kan fuska, maigidana ma da jin babu hoto ya ce Allah ya ba da sa'a. Mata da yawa masu sana'a a cikin gida, masu yaji da masu ɗinki da masu gyaran amare, abin da ke hana su talla ke nan, kuma na yi mamakin yadda situdiyon bai gane cewa kasuwarsa tana nan ba. Mun tsaya a kan su yanko mini guntaye marasa kai minti ɗaya su ɗora a kan hoton kasko, in sa a sitatus.

To ya ciniki? Ba zan yi ƙarya ba, wata ukun farko ban mayar da kuɗina ba. Abin ba ya yi kamar tallar rediyo da waya ke ɗaukar ƙara nan take. Abin da na lura da shi daga baya shi ne masu zuwa sun canza. Da mace za ta fara da "nawa ne na ƙarshe?" Yanzu sai ta ce, "Hajiya, wanda kika ce ya yi sati shida a rufe, akwai saura?" Wata uwar amarya ta kira daga Maraɗi, ban san ta ba ban san wanda ya tura mata ba, ta yi odar kayan ƙamshin ɗakin amarya gaba ɗaya, ta ce ta ji inda na ba da labarin haɗin da ya ƙone mini na zubar da tukunya guda maimakon in sayar. Kashin nan kuwa sai da na yi kwana biyu ina shawarar ko in fasa sakinsa. Abokan sana'a sun yi mini ƙorafin ina tona asiri. Ma'aunin haɗina ban taɓa faɗa ba kuma ba zan faɗa ba, yadda za a gane jabu kawai nake faɗa, wanda abin ya dama ya san dalili.

A watan azumi na gwada yi a gida da wayata, a ɗakin barci, na buɗe durowar kaya don tufafi su shanye amsa-kuwwa, 'yata ta tace da Audacity, wata manhajar kwamfuta ta kyauta. Ya yi daidai gwargwado, in ban da zakaran maƙota da ya sa baki sau biyu. Wanda jarinsa bai kai ba ya fara da haka, babu abin kunya. Wanda kuma ya san kayansa ciki da bai, kuma yana da kuɗin kwalba 4 da zai iya rufe ido a kansu na 'yan watanni, tsari na biyu ya cancanci kuɗinsa, don shirun ɗakin da kuma mutumin da zai zauna ya yi maka tambayar da mai saye zai yi. Tsarin rubutu kuwa ko kyauta aka ba ni ba na so.

Kashi na gaba a kan kajiji ne, kuma Inna za ta zo Kano bikin jikarta, na roƙe ta ta zauna mu yi tare. Ƙafarta ba za ta iya benen nan ba, sai injiniyan ya ce zai zo gida da 'yar ƙaramar na'urarsa bayan sallar asuba, kafin masu injin markaɗe su tashi. Inna ta ce ta yarda, da sharaɗin ba mai miƙa mata takarda, kuma ba za ta cire awarwaronta ba. Na gaya masa a waya ina jiran ya yi gardama. Ya ce a bar mata su.